Lurwanu Mai Tsire da Jirgin Ashafa

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta bayan Anbariyya a shekarun da man fetur ya fara juya Madina, ya san Lurwanu mai tsire. A bakin lungun unguwar yake kafa tukubarsa bayan la'asar, daidai inda hanyar masallaci ta haɗu da babban titi. Larabawa kan tsayar da mota su ce a ba su "sire", shi kuwa ya naɗe musu a takarda ba tare da ya ɗaga kai ba. Dogo ne, siriri, hannuwansa duk tabon wuta. Ba ya yawan magana, kuma ba ya mantuwa. An taɓa yin wani mai sayar masa da ƙuli-ƙuli da ya ce yajinsa ya yi gishiri. Lurwanu bai ce masa uffan ba, amma har mutumin ya bar duniya bai sake sayen ko ƙwaya ɗaya a hannunsa ba.

A Madina aka haife shi. Mahaifinsa mutumin Damagaram ne, mahaifiyarsa Iyatu kuwa Bakatsiniya. A ƙafa suka taho aikin hajji, suna yada zango suna noma a Sudan, har suka kai Sawakin suka tsallako bahar a jirgin katako. Abin da Iyatu ta gani a wannan tsallakawa ba ta taɓa ba da labarinsa duka ba. Abin da 'ya'yanta suka sani shi ne, ba a dafa kifi a gidanta.

Su biyu ta haifa maza, Lurwanu da ƙanensa Mahmudu. Mahmudu bai yi kama da yayansa ko kaɗan ba. Mai fara'a ne, mai son hira, kuma ba ya daɗewa a sana'a. Ya yi tuƙin tasi, ya yi tsinkar dabino a Khaibar, ya yi gadin wani gida a Aƙiƙ. Bayan rasuwar Iyatu ne wani mai suna Ashafa ya ɗauke shi aikin kamun kifi.

Ashafa shi ma ɗan unguwar ne, jikan mutanen Kano, amma arziki ya same shi da wuri. Yana da shagon kifi a wajen Manakha mai manyan firji, yana da jirage a Rayis, wani ɗan garin masunta da ke bakin bahar bayan an wuce Badr. Idan ka gaishe shi da Hausa sai ya amsa maka da Larabci. Mahmudu ya ji daɗin aikin fiye da duk wanda ya taɓa yi. Yakan dawo gida da ƙafafu sun yi fari saboda gishiri, yana ba matarsa Shafa'atu da 'ya'yansu mata labarin kifin da ya fi mutum tsawo.

A shekarar 1399 ta Hijira, da zafin bazara, aka aiko cewa jirgin da Mahmudu ke ciki ya cika da ruwa. Su biyu ne a ciki. Ɗayan, Khalilu, mutumin Chadi, ya rungume jirgin har aka tsince shi. Mahmudu ya yi ƙoƙarin iyo zuwa gaɓa, bai kai ba. Masu gadin gaɓar bahar ne suka tsamo shi, aka kawo shi Madina aka binne a Baƙi'a.

A wurin zaman makoki aka jera kujeru a lungu, Lurwanu da kansa yake zagayawa da butar gahawa. Ashafa ya zo bayan magariba cikin farar tufa mai ƙamshin turaren wuta, ya zauna a tsakiya. Wani dattijo ya tambaye shi yadda abin ya faru. Ashafa ya gyara zama, ya yi magana da Hausa a karon farko cikin shekaru, don kowa ya ji.

"Allah ya jiƙan Mahmudu. Amma gaskiya ba ya ji. Gyangyaɗi ya yi a kan inji, ya hau duwatsun ƙarƙashin ruwa, ya fasa mini jirgi lafiyayye. Injin ma bahar ta cinye. To, ni dai na yafe masa. Wallahi na yafe masa duniya da lahira."

Mutane suka ce Allah ya saka masa da alheri. Lurwanu yana tsaye a gabansa da buta. A al'adar garin nan ba a cika wa baƙo finjali, ɗan kaɗan ake zubawa a ƙasa, domin cika shi yana nufin ka sha ka tashi. Lurwanu ya zuba wa Ashafa har gahawar ta zubo kan yatsunsa. Ashafa ya dube shi, ya ajiye finjalin, bai daɗe ba ya yi sallama.

Maganar Ashafa ta zauna a unguwar. Matan da ke shiga wurin Shafa'atu tana takaba sai su yi mata gaisuwa, su ƙara da cewa ai Shekh Ashafa ya yi halin girma, wani da sai ya nemi a biya shi jirginsa. 'Yar Mahmudu ta fari ta dawo daga makaranta tana kuka, an ce mata ubanta barci ya kashe shi. Da Shafa'atu ta fita takaba ta zo gidan Lurwanu, ta zauna a bayan labule.

"Yaya, Mahmudu ba ya barci a ruwa. Ya sha gaya mini jirgin nan yana yoyo. Ya ce rabin aikinsu kwashe ruwa ne da gwangwani."

"Ya gaya wa Ashafa?"

"Ya ce ya gaya masa. Ashafa ya ce masa a yi haƙuri sai bayan kaka."

Lurwanu ya nemi ganin Khalilu, amma Khalilu yana Rayis, kuma Ashafa ne kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa, takardar zamansa a ƙasar tana hannunsa. Duk wanda Lurwanu ya aika sai ya dawo ya ce Khalilu ya ce shi bai ga komai ba.

Sai Lurwanu ya yi wata shawara shi kaɗai a gaban wuta. Zai sayi jirgi, ya ɗauki masunta, ya riƙa kawo kifi Madina yana sayarwa a ƙofar shagon Ashafa a kan rabin farashi, har sai Ashafa ya rufe. Yana da fili a Aƙiƙ, wanda ya daɗe yana shirin ginawa. Ya sayar da shi bai shawarci kowa ba. Da matarsa Ƙaltume ta ji, sai ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta, ta kira shi da sunan 'yarsu kamar yadda ta saba.

"Abu Hawa, kai da ko a kududdufi ba ka taɓa tsoma ƙafa ba? Kai da ba ka cin kifi?"

"Ba ci zan yi ba."

"To filin fa? A gidan haya za mu mutu?"

"Mahmudu ma a gidan haya yake, kuma ga shi ya sami wuri a Baƙi'a."

Ƙaltume ta san mijinta. Ta ɗauki tsintsiyarta ta ci gaba da shara, amma ta yi kwanaki ba ta zuba masa ruwan alwala ba.

A Yanbu akwai wani Abdulsalam, Bahaushen Sudan, wanda ya tashi a bakin ruwa a Bur Sudan, yana gyaran injin jirage. Yakan zo Madina ziyara ya ci tsire a wurin Lurwanu, a nan suka saba. Wurinsa Lurwanu ya nufa, ya same shi a rumfarsa hannu duk baƙin mai.

"Jirgi nake so."

"Na wa?"

"Nawa."

Abdulsalam ya yi dariya har ya zauna a kan gwangwanin mai. Da ya ga Lurwanu bai yi dariya ba, sai ya goge hannu ya ce su je.

Suka bi bakin ruwa. Wannan ne karon farko da Lurwanu ya tsaya gab da bahar, warin ya tokare masa maƙogwaro. Ya nuna wani ƙaramin kwale-kwale siriri da aka sassaƙa daga itace ɗaya, ya ce ga shi nan, ba zai yi tsada ba.

"Wannan huri ne," in ji Abdulsalam. "Wanda aka haifa a cikinsa ne kawai yake iya tsayuwa a kai. Kai in ka yi atishawa ya kife."

Lurwanu ya nuna wani babba mai dogon hanci da rumfa a baya.

"Sambuk. Wannan yana son mutane da yawa da shugaban da ya san taurari, yana kwana a bahar mako guda. Kafin ka koyi sunan igiyoyinsa, ma'aikatanka sun sayar da kifinka a Umluj sun ce maka ba a samu ba. Ya akhi, sabon shiga ba ya fara da babba. Ka nemi wanda idonka zai iya ganin ko'ina nasa daga inda kake zaune."

Ya kai shi wurin wasu sababbin jirage farare da aka fara shigowa da su a lokacin, ba na katako ba, na wani abu mai santsi da masunta ke kira faibar. Tsofaffin masunta suna raina su, suna cewa bahon wanka ne. Abdulsalam kuwa ya buga gefen ɗaya da tafin hannu.

"Wannan ne naka. Ba ya ruɓewa, tsutsar ruwa ba ta cin sa, ba ka bukatar kafinta. Ka ɗauki matsakaici mai faɗin ciki, don ya zauna daram in ruwa ya tashi. Kada ka bari su sayar maka da inji mai ƙarfin da ya fi jirgin, sabon shiga da babban inji kan duwatsu yake ƙarewa. Ka ɗauki na Japan wanda kayan gyaransa ke kowace rumfa, ka ƙara da ƙarami na ajiya. Kuma ka bar wani abu a aljihunka na ƙanƙara da mai da ƙugiya. Na ga mutane sun zuba komai a jirgi, sannan ya zauna a yashi don ba kuɗin fetur."

Mai jirgin ya yarda a gwada. Suka fita ba nisa, ruwa ma a kwance yake. Lurwanu ya ƙanƙame katakon zama da hannu biyu, ya amayar da duk abin da ya ci tun Madina. Da ya ɗago ya waiwaya, sai ya ga gaɓa ta zama siririn zare. Ya tambayi Abdulsalam ko mutum zai iya iyo daga nan.

"Wanda ya iya sosai, watakila."

"Mahmudu a madatsar ruwan Aƙul ya koyi iyo, muna yara."

Abdulsalam ya juya jirgin.

Lurwanu ya ce ya zaɓi faibar ɗin. Amma Abdulsalam ya ba shi shawara kada ya ba da kuɗi tukuna. Tun da a Rayis zai ajiye jirgi, don ta fi kusa da Madina, gara su je su ga wurin ajiya, su ji ko akwai masuntan da za su yarda su yi masa aiki. Washegari da hantsi suka shiga wanet ɗin Abdulsalam, 'yar motarsa ta a-kori-kura, suka tafi.

Rayis a lokacin 'yan gidaje ne da rumfunan kara da yashi mai ƙona ƙafa. A bakin ruwa an jawo wani jirgin katako kan gungume, an shafa masa koren fenti mai sheƙi da jan layi a baki. Wani dillali yana zagaya shi da wani matashi manomin dabino daga Badr, yana cewa jirgin bai daɗe da fitowa daga hannun kafinta ba. Matashin ya zo da mahaifinsa tsoho, suna ta shafa fentin suna murmushi.

Lurwanu yana tsaye yana kallo sai ya ji an taɓa masa gwiwar hannu. Wani baƙin mutum ne ramamme, da taru a kafaɗa. Bai dube shi ba, ya yi kamar yana gyara tarun, ya yi magana da Hausar mutanen Chadi ƙasa-ƙasa.

"Kai ne yayan Mahmudu. Na gan ka a maƙabarta. Ni ne Khalilu."

Khalilu ya nuna jirgin da haɓa.

"Shi ne wancan. Koren. A da shuɗi ne."

"An ce ya fashe a kan duwatsu."

"Ba mu kusanci dutse ba. Muna tsakiyar ruwa katakon ƙasa ya buɗe. Mahmudu na kwasar ruwa har hannunsa ya fashe. Ya ce mini in riƙe jirgin tun da ban iya iyo ba, shi zai je ya kira mutane." Khalilu ya gyara tarun a kafaɗarsa. "Ni na shafa wannan fentin da hannuna. Shekh ya ce a cusa tsumma da kwalta a rufe. Tun da aka kawo yaron nan na Badr ban iya cin abinci ba."

Lurwanu ya taka zuwa jirgin. Kullum yana da 'yar wuƙar yankan nama a aljihu. Ya zagaya ta ɓangaren da dillalin ba ya gani, ya durƙusa, ya ɗora bakin wuƙar a cikin jirgin daga ƙasa, ya danna da yatsa ɗaya. Wuƙar ta shige har ƙota kamar a cikin dafaffen kabewa. Ya zare ta, ya ga baƙin gari mai ɗanshi a jikinta. Ya daɗe a durƙushe.

Da ya miƙe sai ya je ya kama hannun tsohon nan na Badr, ya ja shi gefe, ya ce masa da Larabci, "Ya ammi, ka ɗauki ɗanka ku koma gonarku. Wannan jirgin ni zan saya, kuma duk abin da kuka taya zan ƙara." Tsohon ya fusata, ya ce wannan ba tarbiyya ba ce, ya ja ɗansa suka tafi yana ta faɗa. Lurwanu bai yi masa bayani ba, don kada magana ta kai kunnen dillali.

Abdulsalam ya biyo shi da sauri. "Ka haukace? Daga nan nake jin warin ruɓarsa. Wannan ko tafki ba zai tsallaka ba."

"Ba ruwa zan sa shi ba."

"To me za ka yi da jirgin da ba ya shiga ruwa?"

"Ka nemo mini babbar mota."

Ashafa yana Jidda a lokacin, ya bar wa dillalin wakilcin sayarwa. Dillalin ya ga mai saye da bai taya ba, bai tambayi inji ba, bai ce a gwada ba, sai ya yi ta godiya ga Allah. Kafin la'asar an gama komai, jirgi ya zama na Lurwanu. Faibar ɗin Yanbu kuwa bai sake waiwayarsa ba.

Ranar Juma'a da hantsi babbar mota ta shigo unguwarmu da koren jirgi a bayanta. Mata suka leƙo ta tagogi. Tsofaffin da suka tsallako bahar tun suna matasa suka fito da sanduna suna kallo, wasunsu rabonsu da ganin jirgin ruwa tun ranar da suka sauka a Jidda. Lurwanu ya sa aka sauke shi a kangon da ke bayan tukubarsa, aka kwantar da shi a gefe ɗaya, cikinsa yana fuskantar hanyar masallaci. Ya ɗauko ƙarfen da yake kankare tukuba, ya fara kankare fentin.

Kafin mutane su dawo daga Harami ya buɗe wuri mai faɗin tabarma. A ƙarƙashin koren akwai shuɗi, a ƙarƙashin shuɗin akwai katako baƙi mai huji-huji kamar saƙar zuma, an cusa tsummokara da kwalta a tsakanin katakan. Babu alamar karo da dutse ko ɗaya. Lurwanu ya jawo wani tsumma ya rataye a hancin jirgin. Hannun tsohuwar riga ce.

Duk wanda ya tsaya ya tambaya, amsa ɗaya yake ba shi: "Jirgin Shekh Ashafa ne lafiyayye, wanda Mahmudu ya fasa. Sa yatsanka ka ji." Mutane suka riƙa sa yatsa. Yatsa ya riƙa shigewa.

Shafa'atu ta zo da 'ya'yanta da yamma. Ba ta taɓa jirgin ba. Ta tsaya ta dube shi, sannan ta ce wa babbar, da ƙarfi yadda matan da ke tagogi za su ji, "Ki duba da kyau. Gobe ki gaya musu a makaranta."

Da Ashafa ya dawo daga Jidda, ba shi da wata hanyar zuwa gidansa ko masallaci sai ta gaban jirgin. Ranar farko ya tsayar da motarsa, ya fito, fuskarsa ta yi toka.

"Ya Lurwanu, esh haza?"

"Yi mini Hausa. Ranar makoki ai da Hausa ka yi."

"Wannan ba jirgina ba ne."

"Gaskiya ne. Nawa ne. A hannun wakilinka na saya."

Lurwanu ya juya tsirensa, ya barbaɗa yaji. Ashafa ya tsaya kamar zai ƙara magana, ya ga mutane sun fara taruwa, ya koma mota.

Ya aiko a sayi jirgin a kan ninkin abin da aka biya, Lurwanu ya ƙi. Ya kai ƙara wurin umda, mai unguwarmu, aka tara su a zaurensa da dattawa. Umda ya yi wa'azi a kan zumunci da rufin asiri, ya ce duk mu Takari ne a idon mutanen garin nan, bai kamata mu zama abin kallo ba. Ya ce Ashafa ya yarda zai ɗauki nauyin marayun har su yi aure, in dai an kawar da jirgin.

"Marayun suna da baffa," in ji Lurwanu. "Abu ɗaya nake so. A sake jera kujeru a inda aka jera su. Ya zauna inda ya zauna. Ya ce Mahmudu bai yi barci ba, ya ce an gaya masa jirgin na yoyo ya ce sai bayan kaka. Ya janye yafiyar da ya yi masa, domin ƙanena bai yi masa laifin da za a yafe ba. In ya faɗa, ni da hannuna zan cinna wa jirgin wuta."

Ashafa ya ce shi ba zai tsaya gaban mai tsire ya tozarta kansa ba. Ya tashi ya fita.

Ashafa ya kuma gane wanda ya gaya wa Lurwanu. Ba a yi wata guda ba aka ji ya soke zaman Khalilu, an sa shi a jirgin sama zuwa Chadi, ko sallama bai samu yi da kowa ba. Labarin ya sami Lurwanu yana tsaka da yanka nama. Ya ajiye wuƙa, ya rufe tukuba, ranar bai sayar da ko tsinke ɗaya ba. Ƙaltume ta ce masa, "Ka gani? Shi ne ya biya kuɗin jirginka." Bai musa ba. Ya nemi wani ɗan garinsu Khalilu ya riƙa ba shi saƙo ya kai masa duk lokacin aikin hajji. Amma maimakon abin ya sanyaya shi, sai ya ƙara masa wuta. Ya ciro katako ɗaya daga cikin jirgin, ya naɗe a buhu, ya hau mota zuwa Rayis, ya bi rumfunan masunta ɗaya bayan ɗaya yana murmushe shi a gabansu da yatsu. Ya bi har gidajen matansu ya aika musu da gutsattsari.

Masuntan Ashafa suka fara zamewa. Wasu suka ce sai an jawo kowane jirgi kan yashi an kankare sun gani kafin su shiga. Da aka kankare, ba wannan kaɗai ba ne. A Madina kuma mutanenmu suka daina sayen kifi a shagonsa. Ba wanda ya hana su, kawai mace takan ce wa mijinta ita ba ta son kifin can. An kusa sa ranar ɗan Ashafa da wata 'yar gidan mutanen Sakkwato, sai iyayenta suka ce a dakata, daga nan ba a sake tayar da maganar ba. Yaron ba ruwansa, mai ladabi ne, yakan gaida Lurwanu ko bayan zuwan jirgin. Wani ya gaya wa Lurwanu cewa yaron ya rame. Ya ce, "'Ya'yan Mahmudu ma sun rame."

Jirgin ya shekara biyu a kangon. Rana ta busar da shi, ya tsattsage, kuliyoyi suka haihu a ciki. Ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, sun zo sun ce a kawar, Lurwanu ya ce to, ya ba su tsire, suka tafi. Duk Juma'a sai ya share ƙurar da ta rufe wurin da ya kankare. A ƙarshe Ashafa ya sayar da gidansa da shagonsa ya koma Yanbu. Har ya tafi bai faɗi kalmomin da aka nema ba. Ranar da motar kayansa ta wuce, Lurwanu ya fito bakin titi ya tsaya, hannu a baya, har ta ɓace. Bayan haka ne mai kangon ya tashi gini, aka farfasa jirgin aka kwashe. Lurwanu bai hana ba, bai kuma ɗauki ko ƙusa ba.

Bai taɓa mallakar gida ba. Ya aurar da 'ya'yan Mahmudu tare da nasa daga ribar tsire, a gidan hayar nan dai. Ƙaltume ta daina maganar filin Aƙiƙ, sai in sun wuce ta wurin a mota ta ga benen da aka gina a kai, ta kau da kai.

Wajen shekarar 1408, wata ranar Talata, ya yi sallar azahar a Harami kamar yadda ya saba. Bayan sallama ladan ya yi kiran sallar gawa, mutane suka miƙe, shi ma ya miƙe ya yi kabbarorinsa ya roƙa wa mamatan gafara, bai san ko su wane ne ba. Yana fitowa ta ƙofar da ke fuskantar Baƙi'a ya ga ɗan Ashafa a gaban makara, idonsa ja. Ashe Ashafa ne ya rasu, ya bar wasiyya a kawo shi Madina.

Lurwanu ya tsaya cak, takalmansa a hannu. Mutane suna ture shi suna wucewa. Ɗan Ashafa ya gan shi, ya ɗan sunkuyar da kai. Lurwanu ya ce masa, "Allah ya ba ku haƙuri," amma bai bi makarar ba.

Ya dawo gida ya zauna a tsakar gida bai cire hula ba. Ƙaltume ta kawo abinci, ya gaya mata abin da ya faru.

"To alhamdu lillahi," in ji ta. "Ka roƙa masa gafara da bakinka."

"Ban san shi ba ne."

"Allah ai ya sani."

Lurwanu ya ja kwanon gabansa, ya buɗe, ya rufe. Ya ce a tambayo masa malamin zawiya ko addu'ar da mutum ya yi bisa rashin sani tana hawa kan wanda bai nufa ba. Ƙaltume ta ce ita ba za ta aika kowa da wannan tambaya ba, in yana so ya je da ƙafarsa. Da la'asar ta yi ya tashi ya tafi hura wutarsa, ya wuce ta ƙofar zawiyar, ya ɗan rage tafiya, bai shiga ba.